Abincin Mace Daga Ƙuruciya Har Tsufa



Darasinmu na wannan wata ya shafi wani al'amari da ke faruwa a gidajenmu kowace rana, har mun saba da shi ba ma lura. Mace ce ke tashi da asuba ta hura wuta, ita ke surfe da niƙa, ita ke tuƙa tuwo ta kaɗa miya. In abinci ya nuna, sai ta zuba wa maigida nasa da tsokar nama, ta sallami baƙi, ta raba wa yara, sa'an nan ta zauna da abin da ya rage a gindin tukunya. Sau da yawa ƙanzo ne da ɗan ruwan miya. Mukan yaba mata, mu ce mai haƙuri ce. Amma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowace mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 58 suna fama da ƙarancin jini. Wato fiye da rabi ke nan. Waɗannan matan su ne ke zaune kusa da mu a majami'a ranar Lahadi: iyayenmu, matanmu, 'yan'uwanmu da 'ya'yanmu. Abin da muke so mu fahimta a wannan darasi shi ne, rayuwar mace sarƙa ce guda ɗaya. Abin da yarinya ta rasa tana da shekara goma, budurwa ce za ta biya bashinsa. Abin da budurwa ta rasa, mai ciki da jaririnta ne za su biya. Abin da uwa ta rasa tana shayarwa, da tsufa za ta ji shi a ƙasusuwanta. Kuma galibin abin da jikinta ke nema yana nan a gonakinmu da kasuwanninmu.

ABIN DA JIKI KE NEMA

Domin sauƙin fahimta, bari mu kasa abinci kashi uku. Kashi na farko shi ne mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, acha, doya, rogo, dankali da mai. Na biyu shi ne mai gina jiki: wake, gyaɗa, gurjiya, waken soya, daddawa, ƙwai, kifi, nama da nono. Na uku shi ne mai kare jiki daga cututtuka: ganyaye irin su zogale, kuka, alayyafo, rama da yakuwa, da kabewa, karas, tumatir, da 'ya'yan itatuwa irin su mangwaro, gwanda, lemo da gwaba.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a ɗauka cewa in ciki ya cika an ci abinci. Tuwo babba da miya mai ruwa-ruwa yakan kashe yunwa, amma ba ya gina jini, ba ya gina ƙashi. Ma'auni mai sauƙi shi ne a duba kwano a tambaya: kashi ukun nan duka suna ciki? In biyu sun ɓace, mai cin abincin ya ƙoshi ne kawai, jikinsa kuwa yana kwana da yunwa.

YARINYA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne ke aza harsashin tsawo da ƙwaƙwalwa. Yarinyar da ta tsumbure a wannan lokaci da wuya ta cike giɓin daga baya. Wannan kuwa yana da nauyi na musamman ga 'ya mace, domin in ta girma gajeriya saboda yunwa, ƙashin ƙugunta ma yakan zama ƙarami. Ranar haihuwa kan jariri na iya kasa wucewa, naƙuda ta yi tsawo, daga nan ake samun mutuwar jarirai da ciwon yoyon fitsari da ya cika asibitoci irin na Babbar Ruga a Katsina da mata. Hatsarin yakan ƙaru idan ta ɗauki ciki tun jikinta bai gama girma ba.

Saboda haka kada a bambanta tsakanin ɗa namiji da 'ya mace wajen rabon ƙwai, kifi ko nama. Camfin da ke cewa yaron da aka ba ƙwai zai zama ɓarawo ba shi da tushe. Ƙwai na cikin abinci mafi gina jiki da talaka ke iya samu a tsakar gidansa. Kunun yara ma a ƙarfafa shi da gyaɗa ko garin waken soya da aka soya, kada ya zama ruwan gasara zalla.

A shekarar 1999 likitoci a Jos sun nuna cewa lanƙwashewar ƙafafun yara da ake gani a yankinmu, inda rana ba ta yi ƙaranci ba, galibi daga rashin sinadarin kalsiyam ne a abinci. Wannan sinadari shi ke gina ƙashi. Ana samunsa a nono, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, da riɗi, da ganyen kuka da zogale.

BUDURWA

Lokacin balaga jiki yana girma da sauri, kuma haila ta fara. Kowane wata budurwa tana rasa jini, tare da shi kuma tana rasa sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon, wanda da shi jiki ke yin jan jini. Ga lissafin masana: namiji baligi yana bukatar kimanin miligiram 8 na wannan sinadari a rana, mace mai haila tana bukatar 18, mai ciki kuwa 27. Mu dubi wannan lissafi, mu kuma dubi wanda ake zuba wa tsoka a gidajenmu.

Alamomin ƙarancin jini su ne kasala, jiri, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya, da farin tafin hannu da cikin fatar ido. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji, ko ta kasa riƙe karatu, sau da yawa ana zaginta da lalaci, alhali jini ne ba ta da shi.

Nama, hanta da kifi su ne jiki ya fi saurin karɓar sinadarin ƙarfe daga gare su. Wake, daddawa, gero da ganyaye ma suna da shi, sai dai jiki ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemo, gwaba, ɗanyen tumatir ko garin ɗan kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi: yana hana jiki karɓar sinadarin. Wanda zai sha shayi ya ba da tazarar sa'a guda ko fiye bayan cin abinci. A kuma tuna cewa tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro suna cinye jini. Sa takalmi, shan maganin tsutsa da kwana cikin gidan sauro duk suna cikin kiyaye jinin budurwa.

Iyaye su sa ido a kan abu biyu da suka shigo mana. Akwai 'yan mata masu ƙin cin abinci domin kada su yi ƙiba, akwai kuma masu sayen magungunan ƙiba a kasuwa ba da izinin likita ba. Dukansu biyu suna cutar da jikin da yake kan ginuwa. Yawancin ƙarfin ƙashin mace yana taruwa ne kafin ta kai shekara 30, kuma da wannan ajiya za ta rayu har tsufa.

MAI CIKI

A nan ya kamata mu fi daɗewa, domin rai biyu ne a kan kwano ɗaya. A lokacin ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi domin ya ciyar da jariri. In ta shiga ciki da ƙarancin jini, zubar jinin da mai lafiya za ta iya jurewa wajen haihuwa ita yana iya kashe ta. Jaririn ma yakan zo ƙarami ko bakwaini.

Shirin ciki yana farawa ne tun kafin a ɗauke shi. Ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri suna haɗuwa cikin kwanaki 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Sinadarin folik asid shi ke taimaka wa wannan haɗuwa, rashinsa kuwa yana iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen baya. Ana samunsa a wake, gyaɗa da koren ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kowace rana, kuma ya fi kyau a fara folik asid tun ana sa ran ciki. Waɗannan su ne ƙwayoyin da ake bayarwa wajen awo. Wasu mata sukan daina sha domin bayan gida ya yi baƙi, ko domin tsoron kada jariri ya yi girma ya ba da wahala. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, alamar maganin ce kawai. Wahalar haihuwa kuwa ta fi samun mace marar jini da marar ƙarfi.

Tun shekarar 2016 wannan hukuma ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa sau takwas. A wurin awo ne ake gwada jini, a auna hawan jini, a ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi alamu ne na hawan jinin masu ciki, wanda ke kai ga jijjiga. Wanda ya ga haka ya kai ta asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Game da yawan abinci, daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe mace tana bukatar ƙarin ɗan kwano guda a rana bisa abin da ta saba: faten wake da alayyafo, ko alale, ko fura da nono, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Mai laulayi ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. A hana ta ƙwai wai kada jariri ya zo ba gashi, wannan zalunci ne da aka lulluɓe da sunan al'ada.

Gishiri ma yana da nasa aiki. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin cikin gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo, a jikin mai ciki kuwa yana dakushe ƙwaƙwalwar jariri. A sayi gishiri na cikin leda mai shaidar aidin, a ajiye shi a rufe, nesa da murhu. Haka kuma tun 2002 ake sa bitamin A cikin fulawa, sukari da man girki na kamfani, kuma ana gane su da hoton ido a jikin buhu ko galan. Mai ciki da ke fama da dundumi, wato ba ta gani da magariba, wannan bitamin ne ya yi mata ƙaranci. Manja, karas, kabewa, mangwaro da gwanda nunanna suna maganinsa. Hanta ma tana da shi da yawa ƙwarai, don haka mai ciki kada ta yawaita cinta, musamman a watannin farko, domin in ya wuce kima yana cutar da jariri.

Akwai abubuwan da za ta ƙaurace musu. Na farko giya, ko burukutu ne ko ta kwalba: abin da uwa ta sha yana isa ga jariri, yana kuma iya lalata masa ƙwaƙwalwa har abada. Na biyu cin farar ƙasa, wanda sau da yawa shi kansa alama ce ta ƙarancin jini. A gaya wa ma'aikacin lafiya. Na uku madarar da ba a tafasa ba. Na huɗu gyaɗa da masara da suka yi fumfuna, domin suna ɗauke da dafi mai lalata hanta. Na biyar kowane jiƙo ko magani da ba a san abin da ke cikinsa ba.

MAI JEGO DA MAI SHAYARWA

Kakanninmu sun yi hikima da suka keɓe kwana arba'in domin mai jego ta huta, ana ba ta gasasshen nama da farfesu da kunu. Wannan al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Mai shayarwa tana bukatar abinci fiye ma da mai ciki, da ruwan sha mai yawa. Abin takaici shi ne da zarar an yi arba'in sai a mai da ita ga ƙanzo, alhali tana da sauran wata da watanni na shayarwa.

Amma akwai ɓangaren al'adar da ke bukatar gyara. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya da kumburi a tsakanin masu jego, suka danganta shi da shan kunun kanwa mai yawa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilai kuma, har da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Duk da haka kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya nauyi. A rage ta, ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi. Mai jegon da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, a gaggauta kai ta asibiti.

Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin jariri na farko. Nonon uwa zalla, ba ruwa ba jiƙo, ya ishi jariri har wata shida, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu. Iyayenmu sun ƙi jinin kwanika, kuma masana lafiya sun goyi bayansu: jikin uwa yana bukatar kamar shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki, domin ya mai da abin da ya rasa.

TSAKIYAR RAYUWA DA TSUFA

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 haila takan ɗauke. Daga nan bukatar sinadarin ƙarfe ta ragu, amma ƙashi ya fara zubewa da sauri, shi ya sa muke ganin tsofaffin mata suna ranƙwafawa, ko ƙugu ya karye daga 'yar faɗuwa. Nono, kifi mai ƙaya, kuka da riɗi su ci gaba da zama a kwano, tare da tafiyar ƙafa da shan hantsi.

A wannan mataki ne kuma hawan jini da ciwon sukari ke kunno kai, musamman a birane inda lemon kwalba, farin burodi, taliya da soye-soye suka maye gurbin abincin gargajiya. Gishirin da baligi zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Daddawa, albasa da citta suna ba miya daɗi ba tare da an tara gishiri ba. Tuwon gero, dawa da acha da ba a cire dusarsu duka ba sun fi farar shinkafa amfani ga mai tsoron sukari. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, don haka a riƙa auna shi ko da ana jin lafiya.

Tsohuwar da haƙora suka zube ba ta daina bukatar abinci mai gina jiki ba. A yi mata faten acha, alale, kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai da kifi mai laushi. A riƙa miƙa mata ruwa, domin tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri. Mu tuna musamman da matan da mazansu suka rasu, waɗanda suka ciyar da gida shekara arba'in, yau kuma suna kwana da koko.

BATUN AZUMI

Mata da yawa sukan tambaye mu ko laifi ne su ci abinci ranar Laraba ta Toka da ranar Juma'a Mai Tsarki. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ɗora ƙaurace wa nama a kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuwa a kan baligi daga shekara 18 har ya shiga shekara ta 60. Koyarwar Ikilisiya ba ta ɗora wannan nauyi a kan mai ciki, mai shayarwa ko marar lafiya ba. Irin waɗannan su ci abincinsu da kwanciyar rai, su miƙa addu'a da aikin jinƙai a madadinsa.

ABIN DA ZA MU YI

Mun san hali ya yi wuya, kayan abinci sun yi tsada. Duk da haka akwai abin da ke hannunmu. Maigida, kafin ka kai wake da gyaɗa da ƙwai kasuwa, ka ware na gida. Ka tambayi matarka ko ta ci, ka kuma duba abin da ta ci. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin gona kuma ya yi yawa, a rage wa mai ciki noma da ɗaukar itace. Kowane gida ya dasa zogale da gwanda a inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Ganyen damina a shanya shi a inuwa domin rani, kuma kada a dafa shi har ya mutu ko a cika masa kanwa. Surukai mata su zama na farko wajen kawar da camfe-camfen da ke hana matan 'ya'yansu abinci. Zumuntar Mata kuma ta san kowace mai ciki da kowace tsohuwa da ke unguwarta, ta riƙa leƙa su.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A gidanmu, wane ne ke fara ci, wane ne ke ci daga ƙarshe, kuma me ke rage masa?

2. Waɗanne abinci ne al'adarmu ta hana mai ciki ko 'yan mata, kuma mene ne dalilin da aka ba mu?

3. A abincin da muka ci jiya, wane kashi cikin ukun nan ne ya ɓace, kuma da me za mu cike shi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?

4. Wace mai ciki ko tsohuwa ce ƙungiyarmu za ta ziyarta kafin taro na gaba?

Muna roƙon katikis da shugabannin zumunta su karanta wannan darasi a ƙananan majami'u domin waɗanda ba su iya karatu ba, maza da mata tare. Allah ya albarkaci iyalanmu, ya ba iyayenmu mata lafiya da tsawon rai. Amin.